Sanyaya man giya a motocin ɗaukar kaya

Sanyaya man giya hanya ce ta rage zafin man da ke cikin giyabos ɗin mota, domin kada ya ƙone ya lalata kayan cikin giyar. Ana yin haka ne da wata ƙaramar na'ura mai kama da lagireto, wadda kanikawa ke kira oyil kula. Yawancin motoci masu giyar otomatik suna fitowa daga kamfani da irin wannan na'ura a cikin lagiretonsu, amma an auna girmanta ne daidai da aikin yau da kullum. Idan mota za ta riƙa ɗaukar kaya masu nauyi, ko jan tirela, ko jan wata motar da ta lalace, sau da yawa ana ƙara mata na'ura ta biyu a waje.

Batun yana da muhimmanci a wuraren da zafin rana, nauyin kaya da rashin kyawun hanya suka haɗu, kamar ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi a yammacin Jihar Zamfara ta Najeriya. Ƙarin na'urar sanyaya mai yana tsawaita rayuwar giyabos, amma ba ya ƙara yawan nauyin da aka ƙera motar ta ɗauka.

Aikin man giya

Giyabos shi ne ke karɓar ƙarfin injin ya miƙa shi ga tayoyi, yana ƙara ƙarfin ja idan mota za ta tashi ko za ta hau tudu, yana kuma ƙara gudu idan ta miƙe hanya. Iri biyu aka fi sani: giyar hannu, wadda ake kira manuwal, da kuma giyar otomatik mai canza kanta.

A giyar hannu, aikin mai shi ne shafe haƙoran giya da boris don kada su ci juna, da kuma kwashe zafi zuwa jikin giyabos inda iska ke ɗauke shi. A giyar otomatik kuwa aikin mai ya fi haka yawa. Shi ke ɗaukar ƙarfin injin zuwa giya, shi ke matse faifan kuloci na ciki idan za a canza giya, shi ke shafe ƙarafa, kuma shi ke fitar da zafi. Saboda haka da zarar man ya lalace, duk waɗannan ayyuka sukan samu matsala a lokaci guda.

Tarihi

Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya ƙirƙiro hanyar miƙa ƙarfin inji ta amfani da ruwa ko mai, ya kuma yi rajistar fasahar a shekarar 1905, da nufin amfani da ita a jiragen ruwa. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na shekarar 1940, wadda ita ce giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. A 1948 motocin Buick suka zo da giyar Dynaflow mai amfani da kwanbata. Daga baya aka fitar da man giya na musamman: General Motors ya fito da Dexron a 1967, Ford kuma ya fito da Mercon a 1987. Yayin da giyar otomatik ta bazu zuwa motocin a-kori-kura, bas-bas da manyan motoci, sanyaya manta ya zama wani ɓangare na ƙirar motar.

Inda zafin ke fitowa

Mafi yawan zafin giyar otomatik yana fitowa ne daga kwanbata, wani ƙarfe mai siffar ƙwarya biyu da aka kife, wanda ke tsakanin inji da giyabos. A cikinsa akwai fankoki biyu da ke fuskantar juna a cikin mai. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyu, ta biyun ta juya giya. Babu ƙarfen da ya haɗa su, don haka ta farko kullum tana ɗan fin ta biyu gudu. Wannan bambancin gudu shi ake kira sulɓi, kuma duk ƙarfin da ya ɓace a cikinsa zafi yake komawa.

Idan mota tana gudu a kan kwalta ba kaya, sulɓin kaɗan ne. Motocin zamani ma suna da wani kuloci da ke kulle fankokin biyu wuri ɗaya idan an kai wani mizani na gudu, sai zafin ya ragu sosai. Matsalar tana tasowa ne idan mota na tafiya a hankali da kaya masu nauyi, domin a lokacin sulɓi ya fi yawa, kulocin kullewa bai kama ba, kuma iskar da ke bugun lagireto ba ta da ƙarfi. Mafi muni shi ne idan mota ta kafe a yashi ko taɓo direba yana ta taka totur: kusan duk ƙarfin injin yana zama zafi a cikin mai, kuma cikin 'yan mintoci man zai iya wuce mizanin da yake jurewa.

Wata hanyar da zafi ke taruwa ita ce yawan canjin giya. Idan mota mai kaya tana hawa da sauka tsakanin giya biyu a kan tudu, kowane canji yana sa faifan kuloci su goga juna.

Giyar hannu ba ta da kwanbata, don haka ba ta cika yin zafi kamar otomatik ba. Duk da haka, a manyan motoci masu jan tirela zafin gogayyar haƙora yana taruwa idan aka daɗe ana jan nauyi a ƙaramar giya. Kamfanin Eaton, mai ƙera giyabos ɗin Fuller, yana gargaɗin kada a riƙa aiki da shi a kai a kai a zafin da ya wuce digiri 121 a ma'aunin Salshiyas.

Mizanin zafi

Man giyar otomatik ya fi yin aiki da kyau a tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Akwai wata ƙa'ida da masu gyaran giya suka daɗe suna amfani da ita, cewa duk ƙarin kusan digiri 11 a kan digiri 80 yana rage tsawon rayuwar man da rabi. Ƙa'idar kimantawa ce kawai, kuma man zamani na sintetik ya fi tsohon mai jure zafi, amma tana nuna yadda lalacewar ke sauri.

Bisa alƙaluman da aka saba bayarwa game da man gargajiya:

- A wajen digiri 115, mai yana fara barin dauɗa mai danƙo a jikin bawul da ƙananan hanyoyin mai.
- A wajen digiri 125 zuwa 130, robobin da ke tare mai suna taurarewa, sai matsin mai ya ragu, yoyo ya fara.
- A wajen digiri 145 zuwa 150, faifan kuloci suna sulɓi su ƙone.

Alamomin da direba zai iya gani sun haɗa da ƙaurin mai, sauyawar launinsa daga ja zuwa ruwan ƙasa ko baƙi, jinkirin shiga giya, inji ya yi ƙara mota ba ta ja ba, fitar mai ta bututun numfashi na giyabos, da kunnuwar fitilar gargaɗi. Wasu motocin masu kwamfuta sukan maƙale a giya ɗaya don kare kansu.

Ire-iren na'urorin sanyaya mai

Ta cikin lagireto: bututu ne da ke cikin tankin lagireto, mai yana bi ta cikinsa ruwan inji yana kewaye da shi. Tana da amfani biyu, domin tana sanyaya mai idan ya yi zafi, tana kuma ɗumama shi da safe. Rauninta shi ne ba za ta iya sanyaya mai fiye da sanyin ruwan da ke kewaye da ita ba. Idan inji ya ɗauki zafi, giya ma za ta ɗauka.

Mai bututu da fukafukai: bututu ne guda da aka lanƙwasa sau da yawa, aka jera masa siraran fukafukan alminiyam. Ita ce mafi araha, amma ita ce mafi ƙarancin sanyaya mai idan aka kwatanta da girmanta.

Mai faranti da fukafukai: mai yana bazuwa a cikin siraran faranti masu faɗi, don haka ya fi haɗuwa da iska. Ta fi mai bututu da fukafukai aiki.

Mai jerin faranti: faranti ne masu kauri da aka ɗora a kan juna. Ita ce mafi ƙarfi da jure jijjiga da bugun tsakuwa, kuma ita aka fi so ga motocin da ke jan nauyi.

Akwai kuma ƙarin kayan da ake haɗawa da su. Fankar lantarki tana taimakawa idan mota na tafiya a hankali. Bawul mai jin zafi yana hana mai shiga na'urar har sai ya ɗumama. Kaskon mai mai zurfi yana ƙara yawan man da giyabos ke riƙewa. Agogon auna zafi kuwa shi ke nuna wa direba abin da ke faruwa, kuma masu gyara da yawa suna ganin shi ya kamata a fara sawa kafin komai, domin da shi ake gane ko motar tana bukatar ƙarin na'ura.

A manyan motocin Turai da ke da birkin mai, irin Intarder na kamfanin ZF, zafin da birkin ke haifarwa yana shiga ruwan inji ta wata na'urar musayar zafi. A irin waɗannan motoci lafiyar lagireto ita ce lafiyar giyabos.

Yadda ake ɗora ƙarin na'ura

Ana kafa na'urar a gaban lagireto, inda iska ta fi bugawa, a kan ƙarafan da aka ɗaure da noti. A kan hanyoyi masu gargada, igiyoyin roba da ake sokawa ta cikin fukafukan lagireto suna iya huda shi saboda jijjiga.

Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne mai ya fito daga giyabos, ya bi ta na'urar cikin lagireto, sannan ya shiga sabuwar na'urar, daga nan ya koma giyabos. Don haka bakanike yana fara gano bututun da ke mayar da mai, ya yanka a nan. Wasu sukan cire na'urar cikin lagireto daga layin gaba ɗaya, musamman idan ta fashe. Idan aka yi haka, dole sabuwar ta kasance babba, kuma ta fi dacewa da fanka, tunda ita kaɗai za ta ɗauki aikin.

Abubuwan da ake kiyayewa wajen aikin:

- A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya. Tiyon ruwa ko na fetur yana kumbura ya fashe.
- Kada faɗin bututun ya gaza na asali, domin ƙaramin bututu yana shaƙe gudun mai.
- A nisanta tiyo daga salansa, fanka da bakin ƙarfe mai kaifi.
- A ƙara mai bayan aikin, domin sabuwar na'urar da tiyonta suna shan wani kaso.
- A yawancin motoci ana auna man ne a fili mai daidaito, inji yana aiki kuma ya ɗumama.

Idan giyabos ya taɓa ƙonewa, dole a wanke tsohuwar na'urar da bututunta ko a canza su, domin ɓarɓashin ƙarfe da na kuloci suna maƙalewa a ciki su koma cikin sabon giyabos. Wannan haɗarin yana tattare da na'urorin da aka ciro daga tsofaffin motoci.

Yanayin Anka, Bukkuyum da Gummi

Anka, Bukkuyum da Gummi suna cikin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Suna cikin mazaɓar Sanatan Zamfara ta Yamma tare da Talata Mafara, Bakura da Maradun. Babbar hanyar da ta haɗa su tana rabuwa da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta bi ta Anka da Daki Takwas zuwa Gummi. Daga Daki Takwas kuma akwai hanyar da ta nufi Zuru a Jihar Kebbi. Ƙauyuka da yawa ana shiga su ne ta hanyoyin burji ko na yashi.

Kayan da ake jigila a yankin sun haɗa da gero, dawa, masara, wake, shinkafa, dabbobi, taki, siminti, yashi da itace. Akwai kuma buhunan duwatsun ma'adinai daga wuraren haƙar zinariya kamar Bagega a Anka. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamban 2024. Dutse ya fi hatsi nauyi nesa ba kusa ba, don haka mota tana iya wuce ƙa'idar nauyinta tun bodinta bai cika ba.

Kowane lokaci na shekara yana da tasa matsalar. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, sai iskar da ake dogaro da ita don sanyaya mai ta zama mai zafi ita ma. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, motoci suna kafewa a taɓo, musamman a fadamun Gulbin Zamfara da ke kusa da Gummi, kuma laka tana toshe fukafukan lagireto. Idan mota ta ratsa ruwa mai zurfi, ruwa yana iya shiga giyabos ta bututun numfashi. Da kaka lodi yake yawaita, ƙaiƙayi da ciyawa suna manne wa lagireto. A hunturu ƙura ce ke yin wannan aikin.

Manyan motocin da suka fi yawa a arewacin Najeriya, irin su DAF, MAN, Mercedes da Howo, da matsakaita kamar Mitsubishi Canter, galibinsu masu giyar hannu ne. A wurinsu abin da ya fi muhimmanci shi ne isasshen mai, irin man da ya dace, da lafiyar kuloci. Ƙarin na'urar sanyaya mai ya fi shafar motocin otomatik: a-kori-kura irin Toyota Hilux masu otomatik, jif-jif, da ƙananan bas da motocin gida 'yan Kwatano da aka mayar na haya ana yi musu lodi fiye da kima. Da yawansu an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi da tituna masu kyau. Kayan gyaransu suna zuwa ne ta Gusau da Sakkwato, daga manyan kasuwanni kamar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas da kasuwar Nnewi.

Lalacewar mota a wannan yanki ta wuce batun kuɗin gyara. Shekaru da dama hanyoyin yammacin Zamfara suna fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, don haka motar da giyarta ta ƙone a daji tana jefa direba, yaran mota da fasinjoji cikin haɗari. Masu gyaran giyar otomatik kuma sun fi yawa a manyan birane, sai an jawo motar tafiya mai nisa.

Jan motar da ta lalace

Ja yana wahalar da motoci biyu. Wadda ke ja tana ɗaukar nauyi ninki, a ƙaramin gudu, wanda shi ne yanayin da ya fi ƙona mai. Wadda ake ja kuma, idan otomatik ce, famfon manta ba ya aiki sai inji na aiki. Idan aka ja ta da nisa tayoyinta suna juya kayan giya ba tare da mai ya kai gare su ba. Manyan giyabos na hannu ma suna iya lalacewa ta wannan hanya. Shi ya sa masu janwe ke kwance farfela, ko su ɗaga tayoyin da ke ja daga ƙasa, ko su ɗora motar gaba ɗaya a kan wata.

Kulawa da tuƙi

Kowane giyabos yana da irin man da kamfani ya ƙayyade masa, kamar Dexron, Mercon ko ATF WS na Toyota, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Giyar hannu tana amfani da mai mai kauri kamar 80W-90, mai lambar GL-4 ko GL-5. Wasu nau'o'in GL-5 suna cin zoben tagulla da ke cikin giyabos ɗin da aka tsara wa GL-4. Littattafan kamfanoni suna umartar a riƙa canza mai da wuri ga motar da ke aiki cikin zafi, ƙura da nauyi.

Zuba ruwan rijiya ko na rafi zalla a lagireto yana kawo tsatsa da ƙanzo, kuma yana iya cinye bututun mai da ke ciki. Idan ya huje, ruwa da mai suna gaurayewa, man ya koma kamar madara mai ɗan ja. Ruwan yana ɓamɓare fatar faifan kuloci, don haka motar da aka ga wannan alama a cikinta ba a ci gaba da tuƙa ta.

Yadda direba ke tuƙi yana rage zafi kamar yadda na'ura ke yi. Ana saukar da giya da hannu kafin a hau tudu, a kashe babbar giya idan motar na yawan canzawa, a sa giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu a cikin yashi ko taɓo. Idan mota ta kafe, rage kaya da haƙe gaban taya sun fi taka totur. Idan mai ya yi zafi, ana tsayawa a fitar da giya a bar inji yana aiki a hankali, domin famfo ya ci gaba da zagaya mai ta cikin na'urar.

Ana wanke fukafukan na'urar da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. A Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a annobar da aka gano a 2010, motar da ta yi aiki a wurin haƙar ma'adinai ba a kakkaɓe ƙurarta a cikin gida ko kusa da yara. Tsohon mai kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya ko gona.

Iyakar amfaninta

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka da wanda za ta ja, kuma kamfani yana rubuta su a jikin wani ƙaramin allo, galibi a bakin ƙofar direba, ko a littafin motar. An ƙayyade su ne bisa ƙarfin birki, tayoyi, aksul, sifirin da shasi, ba giyabos kaɗai ba. Misali, buhu 50 na hatsi mai kilo 100 tan 5 ke nan. Idan aka ɗora su a motar da aka yi don tan 3, na'urar sanyaya mai za ta iya kare man giya, amma ba za ta rage nisan da motar ke bukata kafin ta tsaya ba, ba kuma za ta hana taya fashewa ba. Yin lodi fiye da kima laifi ne a dokokin hanya na Najeriya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta masu yin sa.

Haka nan na'urar ba ta gyara giyabos ɗin da ya riga ya lalace. Idan faifan kuloci sun cinye ko famfo ya yi rauni, zafin alama ce ta ciwon da ke ciki, kuma sai an buɗe giyabos an gyara shi kafin ƙarin na'ura ya yi amfani.